Ayarin Sama: Tarihin Air Niger da Abin da Damargu Ta Gani

Masana labarin ƙasa sun ce tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Amma in aka dubi abin da zaman tsibiri ke jawo wa mazaunansa, wato wuyar fita, da wuyar shiga, da dogaro ga mai jirgi, to Jamhuriyar Nijar ma ba ta rasa kama da tsibiri ba. Faɗinta murabba'in kilomita 1.267.000 ne, kusan kashi biyu cikin uku hamada ce, kuma ba ta taɓa teku ta kowace kusurwa ba. Tsakanin Yamai da tashar jiragen ruwa ta Kwatano akwai tafiyar da ta haura kilomita dubu. A cikin gida ma, kowane babban gari tsibiri ne a gaban ɗan'uwansa: daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, balle a yi zancen Agadas ko Balma.

Ƙasa irin wannan tana da hujjar mallakar jirgin sama fiye da ƙasashe da yawa. Ta kuma taɓa mallakarsa. Sunan kamfanin Air Niger, kuma yara da yawa da ke lakwal a yau ba su taɓa jin sunansa ba. Ya kamata a san yadda aka kafa shi, da masu shi, da waɗanda ya yi wa aiki, da dalilin da ya sa ya sauka bai sake tashi ba. Babu kuwa wurin da ya fi dacewa a tsaya a dubi wannan tarihi kamar Damargu, ƙasar da ta san sha'anin sufuri tun kafin a ƙera jirgi.

Lokacin da Damargu take zango

A ƙarni na 19, babbar hanyar fatauci da ta haɗa Tarabulus da Kano ta bi ta Gat, ta ratsa duwatsun Azbin, ta sauko Damargu, sannan ta wuce Damagaram. Abzinawan Kel Ewey ne suka fi riƙe da raƙuman wannan hanya. Damargu kuwa ita ce rumbun hatsin ayari: a nan ake auna geron da ake kaiwa Azbin da Kawar, a musanya shi da kantun gishirin Balma da dabino. Daga nan kuma gashin jimina da fatu ke tashi zuwa arewa. Garuruwa irin su Jajiduna sun yi suna saboda kasuwarsu. A watan Janairu na 1851, a Tagelel ta ƙasar Damargu ne matafiyan Turai uku, Richardson da Barth da Overweg, suka rabu, kowa ya kama gabansa. Da ayarin gishiri suka sauko daga Azbin, domin a lokacin babu wata hanyar shigowa ƙasar Hausa daga arewa da ta fi wannan aminci.

Abin lura a nan shi ne tsarin ayari. A ayarin fataken Hausa akwai madugu mai yanke shawara, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai uban dawaki, akwai malamin da ke riƙe da lissafi. Kowane mai kaya ya san abin da zai biya. Kowane zango ya san abin da zai samu. Ayari bai tashi don ado ba; kaya ne ke biyan tafiya, kuma ranar da kaya suka ƙare, tafiya ta ƙare.

Haka kuwa aka yi. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga kudu. Kayan da a da ke shafe watanni a bayan raƙumi suka koma bin teku ta Ikko cikin rahusa. Fataucin hamada mai dogon zango ya durƙushe cikin ƴan shekaru. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai. Damargu, wadda take tsakiyar hanya, ta wayi gari a gefe.

Jirgin da ke wucewa

A daidai waɗannan shekaru ne jirgin sama ya bayyana. A 1925 wani matuƙi ɗan ƙasar Beljiyam, Edmond Thieffry, ya ratsa ta Yamai da Damagaram a kan hanyarsa ta zuwa Kwango. A watan Nuwamba na wannan shekara jiragen sojan Ingila suka sauka Kano karon farko. Zuwa tsakiyar shekarun 1930, kamfanin gwamnatin Faransa mai suna Régie Air Afrique da kamfanin Sabena na Beljiyam sun mayar da Damagaram zango a kan hanyar da ta taso daga Aljeriya, ta bi ta Gawo da Yamai, ta nufi Fort-Lamy da Kwango.

Sai dai wannan sabon ayari ya bambanta da na da. Wasiƙun gwamna yake ɗauka, da kwamandoji, da Turawan kamfani. Ba ya sayen gero, ba ya neman rijiya, ba ya ɗaukar jagaba daga cikin ƴan ƙasa. Tun daga farkonsa, jirgin sama a wannan yanki hanya ce da aka shata don haɗa Turai da ƙasashen da take mulka. Wannan gado ne ƙasashen Afirka suka karɓa ranar da suka sami ƴanci, kuma bai saki kamfanonin da suka kafa ba.

Air Afrique: dukiyar gayya

Nijar ta sami ƴancin kanta ranar 3 ga Agusta 1960. Kafin shekara ta zagayo, ranar 28 ga Maris 1961, ta sa hannu a yarjejeniyar Yawunde tare da ƙasashe goma: Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Cadi, Kwango-Barazabil, Dahome, Gabon, Kodebuwa, Muritaniya, Senegal da Haute-Volta. Suka kafa kamfanin Air Afrique, da mazauninsa a Abijan. Hikimar a fili take: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da kuɗi ko matuƙa ko makanikan da za su riƙe manyan jirage masu ƙetare teku.

Rabon hannun jari ya nuna yadda ƙarfi yake. Kowace ƙasa ta riƙe kashi 6 cikin ɗari, jimla kashi 66. Sauran kashi 34 na wani kamfani ne mai suna SODETRAF, wanda kamfanonin Faransa biyu, Air France da UAT, ke bayansa. Wato ƙasashe goma sha ɗaya ne ke da rinjaye in sun haɗa baki, amma mai hannun jari mafi girma shi kaɗai Bafaranshe ne, kuma a wurinsa jirage da gwaninta suke. Ɗan Senegal, Cheikh Fal, shi ne shugaban kamfanin na farko.

Air Afrique ya yi aiki na gaske, kuma bai kamata a rage masa ba. Shi ya haɗa Yamai da Abijan da Dakar da Paris. Shi ya kai ɗaliban Nijar jami'o'in waje, ya yi jigilar alhazai zuwa Jidda, ya horar da matuƙa da injiniyoyi baƙar fata a lokacin da wasu ke cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Koren tambarinsa mai kan dabbar daji da dogayen ƙahoni ya zama abin alfahari daga Nuwakcot har Barazabil.

Amma aikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa ne. Zirga-zirgar cikin gida an bar wa kowace ƙasa ta ji da kanta.

Haihuwar Air Niger

A 1966, zamanin shugaba Diori Hamani, gwamnati ta kafa Air Niger da taimakon Air France da UTA, kamfanin da ya gaji UAT. Sabon kamfanin ya karɓi aikin wani ƙaramin kamfani da ya gabace shi, Aéro Niger, mai ba da hayar ƙananan jirage, ya kuma karɓi hanyoyin cikin gida da Air France ke bi. SODETRAF da Air Afrique sun sami ɗan rabo a ciki. Daga baya rabon gwamnatin Nijar ya haura kashi 94 cikin ɗari. Ta fuskar takarda, ke nan, kamfanin na ƴan ƙasa ne ƙwarai, fiye da yadda Air Afrique ya taɓa zama.

Jiragensa ba su da yawa. A ƙarshen shekarun 1960 yana da DC-3 ɗaya da DC-4 ɗaya, dukansu ƙirar Amurka, masu farfela, irin waɗanda suka yi aiki a Yaƙin Duniya na Biyu. DC-3 jirgi ne mai haƙuri kamar raƙumi: yana sauka a filin ƙasa, yana jure ƙura da zafi, yana ɗaukar mutum ashirin da wani abu zuwa talatin. A shekarun 1970 kamfanin ya ci gaba da DC-3 guda biyu. Ranar 10 ga Yuni 1977, ɗaya daga cikin jiragen nan ya tashi daga Tawa, inji ya mutu masa, matuƙi ya saukar da shi a daji. Jirgin bai sake tashi ba, amma mutum 21 da ke ciki duk sun fita da ransu. A shekarun 1980 aka koma ga jirage biyu ƙirar Ingila, HS 748, waɗanda suka fi girma, har suna kaiwa Lome.

Hanyoyinsa na kullum su ne Yamai zuwa Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas. A zamanin da kwalta ba ta gama haɗa gabas da yamma ba, lokacin da damina ke iya tsare mota kwana da kwanaki a bakin kwari, jirgin da ke kai mutum Damagaram daga Yamai cikin sa'o'i kaɗan ba ƙaramin abu ba ne. Da shi takardun gwamnati ke isa, da magani, da majinyacin da asibitin jaha ya gaza. Da aka fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, arewa ta ƙara nauyi, kuɗi suka shigo baitulmali, kuma jirgi ya sami fasinja.

Su wa ke ciki?

A nan ne Damargu ke da abin faɗa. Tanut tana kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, wajen kilomita 150 arewa da Damagaram. Tana da ɗan filin saukar jirgi, amma ba ta cikin zangunan da Air Niger ke tsayawa a kai a kai. Manomin Gangara ko makiyayin Belbeji ya san jirgi da ƙara ne kawai, da farin layin da yake bari a sama. Masu zama cikin kujerun kuwa sanannu ne: manyan ma'aikata masu takardar aike, hafsoshin soja, ƙwararrun ƙasashen waje, ma'aikatan kamfanonin ma'adinai, da ɗaiɗaikun attajirai.

Wannan ba laifin matuƙa ba ne. Lissafi ne. Kuɗin kujera ɗaya ya fi abin da buhunan gero da yawa za su kawo a kasuwar kaka. Amma sakamakonsa babba ne: kamfanin da aka ce na ƙasa ne, babban abokin cinikinsa shi ne mai shi, wato gwamnati. In mai kaya shi ne madugu, shi ne kuma mai riƙe da littafin bashi, wa zai tsare shi ya ce ya biya? Muddin baitulmali na da ƙarfi, komai lafiya. Ranar da ya yi rauni, mai jari da mai saye suka talauce a lokaci ɗaya.

Sauka

Ranar ta zo. Daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi. Bashi ya hau kan ƙasa, farin 1984 ya biyo baya, kuma Damargu tana cikin yankunan da suka fi shan wuyarsa. Masu ba da rance na duniya suka gindaya sharaɗin rage kamfanonin gwamnati. A ɗaya gefen kuma, kuɗin uraniyom ɗin nan ne suka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, babbar hanyar gabas ma ta gyaru. Ma'aikacin da a da sai jirgi ya koma shiga mota da kuɗi kaɗan.

Ga kuma wata matsala da ke cikin jinin kowane ƙaramin kamfanin jirgi. Kayan gyara, da inshora, da horon matuƙa, da babban duba na inji, duk da kuɗin waje ake biyansu, alhali da sefa ake sayar da tikiti. Kamfani mai jirgi biyu, in ɗaya ya kwanta gyara, rabin ƙarfinsa ya tafi; in fasinja ya zo sau biyu aka ce masa babu tashi, karo na uku tasha zai nufa. Lokacin Babban Taron Ƙasa na 1991, gwamnati ko albashin malamai ba ta iya biya a kan kari, balle kayan gyaran jirgi. Kafin shekarar 1993 ta ƙare, babu sauran jirgin da ke tashi da sunan Air Niger.

Babban yayansa ya ƙara shekaru tara yana jan ƙafa. Kamaru ta fice daga Air Afrique tun 1971, Gabon ta bi ta bayan ƴan shekaru, ko da yake Togo da Mali sun shigo. Cutar kamfanin sananniya ce: kowace ƙasa na son a ɗauki ƴaƴanta aiki ko babu gurbi, kowace na son jirgi ya sauka babban birninta ko babu fasinja, gwamnatoci kuma suna karɓar tikiti bashi. A 1989 aka miƙa ragamarsa ga Bafaranshe, Yves Roland-Billecart, don ya ceto shi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, bashin da aka ci don sayen jirage ya ninka cikin dare ɗaya. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace jiragen Airbus A310 guda huɗu. A farkon 2002 Air Afrique ya daina tashi. Maƙwabta ma ba su tsira ba: Nigeria Airways ya rufe a 2003, duk da arzikin man fetur da yawan jama'a.

Zanen aro

Bayan 2002, kamfanonin waje ne suka cike gurbin: Air France, Royal Air Maroc, Air Algérie, Ethiopian Airlines, daga baya Turkish Airlines da ASKY na Lome, wanda ya fara aiki a 2010. A cikin gida an yi ta gwaji. Arik Niger ya buɗe a 2009, bai daɗe ba ya rufe. Niger Airlines, na ƴan kasuwa masu zaman kansu, ya fara jigila a 2014 da jirgin Fokker 50 da ya ɗauko haya daga kamfanin Palestinian Airlines, ya maido da zirga-zirga tsakanin Yamai da Damagaram da Agadas. A 2019 aka sabunta filin jirgin Diori Hamani don taron Tarayyar Afirka, da kuɗin kamfanin Summa na Turkiyya, wanda aka ba riƙon filin na shekara 30.

Duk wannan ya yi amfani. Amma Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki da Nijeriya da Benin, hukumomin Yamai suka rufe sararin samaniya daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba, Air France ya dakatar da zuwansa. A waɗannan makonni kowa ya ga ma'anar zaman tsibiri: ɗalibi a waje ba hanyar dawowa, majinyaci a gida ba hanyar fita. A ƙarshen wannan shekara ministocin Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da shawarar kafa kamfanin jirgi na haɗin gwiwa. Mafarkin Yawunde ya dawo da sabuwar riga.

Abin da tsibiran gaske suka koya

Kafin a sake fafe gora, yana da kyau a leƙa tsibiran gaske. Ƙasar Kabo Berde, a tekun Atlantika daura da Senegal, tsibirai goma ce, tara ke da mutane. Kamfaninta, TACV, an kafa shi tun 1958, ya zama na gwamnati bayan ƴancin 1975. Asara ta yi masa yawa, har a 2017 ya bar jigila tsakanin tsibiran ga wani kamfanin da asalinsa na Sifen ne. A 2019 gwamnati ta sayar da kashi 51 cikin ɗari ga masu jari daga Aislan. Annobar korona ta tsayar da jirage, kuma a 2021 gwamnati ta karɓe kamfanin. Cikin shekara huɗu an gwada riƙon gwamnati, an gwada baƙo, an dawo inda aka fara. Sauya mai shi kaɗai bai warkar da komai ba.

Misali na biyu Habasha ce, wadda ita ma ba ta da teku tun 1993. Ethiopian Airlines ya fara tashi a 1946 da taimakon kamfanin TWA na Amurka, kuma mallakar gwamnati ne ɗungurungum. Ya ga sarki, ya ga mulkin soja, ya ga yaƙi, bai faɗi ba. An san shi da abu biyu: ya gina makarantar matuƙa da wurin gyaran jirage na kansa tun da wuri, kuma an bar ƙwararru suna tafiyar da shi a kan lissafin kasuwa. Mai shi ɗaya ne da na Air Niger, wato gwamnati. Halin mai shi ne ya bambanta.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya. Tarihin Air Niger ya nuna cewa kashi 94 cikin ɗari a takarda ba ya mayar da kamfani na jama'a. Abin da ke mayar da shi na jama'a shi ne aikin da yake yi musu, da gaskiyar lissafinsa. Hanyar Yamai zuwa Paris za ta sami mai bi ko Nijar ba ta da jirgi, domin akwai riba. Hanyar Damagaram, da Difa, da Dirku, da ɗaukar majinyaci daga lungu, su ne ba mai yi sai ɗan gida. In ƙasa ta ga cewa wajibi ne a yi su ko da asara, to a rubuta asarar a fili cikin kasafin kuɗi, a san nawa ce, a san wa ya amfana, maimakon a ɓoye ta cikin tikitin da ba a biya ba.

Damargu ta taɓa ciyar da ayarin da ya haɗa Kano da Bahar Rum. Tun 2011 kuma matatar man SORAZ tana cikin gundumar Tanut, a ƙaramar hukumar Olelewa, tana tace man da ke tafiyar da motocin ƙasa. Yankin da ya ba da hatsi jiya, ya ba da fili ga matata yau, yana da haƙƙin tambayar duk wanda ya zo da zancen sabon kamfani: wane ne madugu, wa ke riƙe da littafi, kuma ina ne zango?

Ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu akwai aiki na kusa. Wasu daga cikin matuƙa da makanikai da masu sayar da tikitin Air Niger suna nan da ransu a Yamai da Damagaram da Agadas, haka ma dattawan da suka ga ƙarshen manyan ayarori a Damargu. Jin ta bakinsu da rubuta shi da Hausa, tun suna iya ba da labari, zai ba ɗalibai abin auna duk wani alkawari da za a yi musu gobe.